Jan Biro a Kan Insha'in Ɗalibai: Me Bincike Ya Gano Game da Gyara da Ba da Maki?

Tambaya: Wata malama mai koyar da harshe a sakandare ta rubuto tana cewa: "Azuzuwa uku nake koyarwa, kowanne da ɗalibai hamsin. Duk bayan mako biyu nakan ba su insha'i, in kwana ina bin takardunsu da jan biro, ba na barin kuskure ko ɗaya, sannan in sa maki. Amma kuskuren da na gyara yau shi nake tararwa a aiki na gaba. Kwanan nan kuma wani abokin aikina ya duba takardar da na ba 14 cikin 20, shi ya ba ta 9. Shin gyaran nawa ne da matsala, ko darasin nahawu zan ƙara musu? Me masu bincike suka gano?"

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Na daɗe ina aiki da malamai masu koyar da rubutu, kuma da wuya a yi zaman horaswa a tashi ba a kawo wannan kukan ba. Bari mu fara da lissafi. Takarda 150, in kowace ta ci miki minti shida, awa goma sha biyar ke nan duk bayan mako biyu. Wannan lokaci ne mai yawan gaske, kuma abin da zan nuna miki shi ne kina zuba shi a wurin da ya fi ƙarancin riba, wato bayan ɗalibi ya gama aikin ya cire ransa daga kansa. Ba ƙwazo kika rasa ba. Wurin da ƙwazon yake sauka ne ya kamata a sauya.

Zan fara da batun nahawu, domin shi ne maganin da kowane malami yake fara kai hannu gare shi. An fi shekara sittin ana gwada shi. A 1963, Richard Braddock da abokan aikinsa biyu sun tattara binciken da aka yi kan koyar da insha'i a Amurka, suka yanke hukuncin da har yau ake ambata: koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutu, ba ya ƙara wa rubutun ɗalibi wani abin kirki, kuma yana iya cutarwa domin yana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun kansa. A shekarun 1970 Warwick Elley da abokansa sun bi ɗaliban wata sakandare a Niyu Zilan har shekara uku. An raba su kashi uku: kashi biyu suna koyon nahawu iri biyu daban-daban, kashi na uku kuwa karatu da rubutu kawai suke yi a wannan lokacin. Da aka auna rubutunsu, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. George Hillocks ya sake tattara bincike a 1986 ya tarar da abu ɗaya. Haka Steve Graham da Dolores Perin a 2007: cikin duk hanyoyin da suka auna, darasin nahawu na gargajiya ne ya fito da sakamako ƙasa da sifili, wato rubutun waɗanda aka koya wa shi bai kai na waɗanda aka koyar ta wata hanya ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Sanin nahawu ilimi ne mai daraja, kuma in manhaja ta ce a koyar da shi, a koyar. Abin da binciken ya nuna shi ne yaron da ya iya ja wa aikatau layi a jimlar da ke kan allo, wannan iyawar ba ta bin sa zuwa takardarsa a lokacin da yake faman neman abin da zai faɗa. Debra Myhill da tawagarta a Jami'ar Exeter ta Ingila sun gwada wata hanya da ɗalibai sama da 700, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun shigar da nahawun cikin aikin rubutun: ga jimla gajeriya, ga abin da take yi wa mai karatu a tsakiyar labari mai tada hankali, yanzu ka gwada a naka. Rubutun ya inganta, amma waɗanda dama hannunsu ya faɗa su suka fi amfana, kuma da aka sake gwada tsarin daga baya a makarantun firamare, ba a ga irin wannan ribar ba. Saboda haka ni abin da nake gaya wa malamai shi ne: nahawu minti goma, a kan jimlar da yaran suka rubuta da hannunsu, a ranar da suke bukatarsa.

Yanzu ga kuskuren da yake ta dawowa. A nan ne nake ganin aikin Mina Shaughnessy ya fi kowanne amfani ga malamin da ke cikin aji. Ta koyar a wata kwaleji a birnin New York a lokacin da aka buɗe ƙofar shiga ga ɗaliban da a da ba su isa su samu gurbi ba, ta zauna ta yi nazarin dubban takardunsu, ta fitar da sakamakon a 1977. Abin da ta gano shi ne kurakuran ɗalibi ba tarkace ba ne da suka zubo haka kawai. Akwai dalili a bayansu, akwai wata ƙa'ida da yaron ya gina wa kansa yake bi da gaskiya. Ɗauki misali daga rubutun Hausa. Yaro ya rubuta "ya na", "ta na", "su na" sau goma sha biyar a shafi guda. Mai jan biro zai zagaye wuri goma sha biyar, ya rage maki, shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Alhali kuskure ɗaya ne tak. An taɓa gaya wa yaron cewa "ya ce" da "ya tafi" a rabe ake rubuta su, ya riƙe wannan gam, sai ya faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da "yana". Yaron nan tunani yake yi. In kika zauna da shi minti biyu kika nuna masa inda ƙa'idarsa ta tsaya, kin kashe kuskure goma sha biyar da jifa ɗaya. In kuwa kika gyara masa su ɗaya bayan ɗaya da hannunki, ke kika yi aikin, shi kallo ya yi, kuma ƙa'idarsa tana nan daram tana jiran mako mai zuwa.

Wani abin da zai ɗan kwantar miki da hankali: Andrea Lunsford da Karen Lunsford sun ƙirga kurakurai a takardun 2006 na ɗaliban shekarar farko na jami'o'in Amurka, suka kwatanta da irin ƙidayar da aka yi a 1917 da 1930 da kuma shekarun 1980. A duk waɗannan lokuta adadin bai fita daga kuskure biyu zuwa biyu da rabi a kowace kalma 100 ba, duk da cewa takardun 2006 sun ninka na 1986 tsawo fiye da sau biyu. Kuskure abokin tafiyar mai koyo ne a kowane zamani, kuma sau da yawa yakan ƙaru daidai lokacin da yaro ya fara gwada jimla mai wuya. Wanda aka tsorata da jan biro yakan koma gajerun jimloli marasa haɗari, takardarsa ta fito tsaf, babu komai a ciki.

Sai maganar abin da muke rubutawa a gefen takarda. A 1982 Nancy Sommers ta wallafa nazarin da aka yi wa tsokacin malamai 35 a jami'o'i biyu na Amurka. Ta tarar da abu biyu da duk malami mai gaskiya zai gane kansa a ciki. Na farko, tsokacin yana karo da juna: a cikin sakin layi ɗaya malami ya gyara waƙafi da harafi, sannan a gefe ya rubuta cewa a sake gina sakin layin gaba ɗaya. To yaro ya goge jimlar ne ko ya gyara mata waƙafi? Na biyu, yawancin tsokacin za a iya ɗauke shi daga wannan takarda a manna a wata ba tare da an lura ba: "ƙara bayani", "ba a fahimta ba", "ka kula da ƙa'ida". Irin wannan ba ya gaya wa yaro abin da zai yi da hannunsa gobe.

Ga misali na kusa. An ba da jigo: shin ya dace a riƙa ba ɗalibai aikin gida? Yarinya ta rubuta: "Aikin gida yana da kyau. Yana da amfani sosai ga dalibai. Kowa ya san aikin gida yana da muhimmanci. Saboda haka ya kamata a rika ba da aikin gida." Mai farautar kuskure zai sa wa "dalibai" da "rika" ƙugiya, ya rubuta "ƙara bayani", ya wuce. Amma ciwon wannan sakin layi ba ƙugiya ba ce. Yarinyar ta faɗi abu ɗaya sau uku, ba ta kawo hujja ko ɗaya ba, kuma ba ta san haka ba. Abin da ya kamata ta gani a gefen takardarta shi ne: "Kin ce yana da amfani, na yarda zan saurare ki. Ba ni labarin rana ɗaya da aikin gida ya sa kika gane abin da ba ki gane a aji ba. Rubuta shi a jimla uku a ƙasan nan." Wannan tsokaci nata ne ita kaɗai, ba zai zauna a takardar kowa ba, kuma ya ba ta aikin da za ta iya gamawa a minti goma. Ƙugiyar kuma tana nan, za a zo kanta a zagaye na ƙarshe.

Amma ko tsokaci mai kyau yana da abokin gaba, kuma a saman takardar yake zaune. Na tsaya a bayan aji ba sau ɗaya ba ina kallon yadda ake raba takardun da aka duba. Yaro ya karɓa, idonsa ya tafi kai tsaye kan lambar da aka zagaye, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya naɗe takardar gida huɗu ya cusa a jaka. Duk abin bai kai daƙiƙa goma ba. Layuka shida da malama ta rubuta da tsakar dare ba wanda ya karanta su. Ruth Butler ta gwada wannan a Isra'ila, ta wallafa a 1988. Yara 132 ne 'yan aji biyar da shida. Wasu an ba su tsokaci kawai a kan aikinsu, wasu maki kawai, wasu kuma maki tare da tsokaci. Masu tsokaci kawai aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Masu maki kawai ba su ci gaba ba. Abin mamakin shi ne kashi na uku: waɗanda aka haɗa musu biyun sun yi kama da masu maki kawai, kamar dai lambar ta haɗiye tsokacin. Ayyukan da ta ba su na wasa ƙwaƙwalwa ne, ba insha'i ba, kuma bincike ɗaya ba ya zama doka. Sai dai ya dace da wani babban nazari na Avraham Kluger da Angelo DeNisi na 1996, wanda ya tattara bincike 131 kan yadda gaya wa mutum sakamakon aikinsa ke shafar aikinsa na gaba. A dunƙule yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya bisa uku na gwaje-gwajen aikin ma lalacewa ya yi. Bayaninsu shi ne duk lokacin da tsokaci ya juya hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, wato "ni gwani ne ko dolo?", to amfaninsa ya ragu. Maki yana yin wannan. "Madalla, yarinya mai hazaƙa" ma yana yin wannan.

In harshen da kike koyarwa ba shi ne na farko ga ɗalibanki ba, akwai muhawara ta musamman a kan wannan. A 1996 John Truscott ya ce a daina gyara kuskuren nahawu a rubutun masu koyon harshe na biyu baki ɗaya, domin a ganinsa ba ya aiki. Dana Ferris ta mai da masa martani a 1999, aka shafe shekaru ana gwaje-gwaje. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne gyara mai zaɓe: a ɗauki nau'in kuskure ɗaya ko biyu a bi su, a kuma sa ɗalibin ya gyara da kansa. Wannan shi ne matsayin da nake kai.

To in an rage awowin jan biro, ina za a kai su? Kafin rubutu da kuma tsakiyarsa. Tun daga 1971, lokacin da Janet Emig ta zauna da ɗalibai takwas 'yan ajin ƙarshe na sakandare ta sa su suna rubutu suna faɗin abin da ke ransu da baki, masu bincike suka koma kallon yadda rubutu ke faruwa maimakon takardar da aka gama. Linda Flower da John Hayes sun nuna a 1981 cewa marubuci yana kai-kawo ne tsakanin tsarawa da zubawa a takarda da bita, ba ya bin su a jere sau ɗaya ya gama. Sommers ɗin nan dai, a 1980, ta kwatanta ɗalibai 20 da gogaggun marubuta 20. Ga ɗalibai, bita tana nufin cire kalma a sa wata. Ga gogaggu, tana nufin sake duba hujjar, a ɗaga sakin layi daga ƙasa a kai sama, a zubar da shafi guda in bai yi aiki ba. Duk wannan aiki a ɓoye yake faruwa. Yaro bai taɓa ganin wani yana yin sa ba. Littafin da ke hannunsa a gyare ya iso gare shi, sai ya ɗauka haka masu iyawa suke zubo shi daga farko, shi ne dai Allah bai ba shi ba.

Shi ya sa abin da ya zo kan gaba a nazarin Graham da Perin bai ba ni mamaki ba. Sun auna hanyoyin koyar da rubutu ga ɗalibai daga aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen sakandare, da ma'aunin girman tasiri wanda 0.2 ke nufin kaɗan, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Koyar da dabarun tsarawa da bita a fili, mataki-mataki, ya samu 0.82. Koyar da taƙaita abin da aka karanta shi ma 0.82. Sa ɗalibai su yi aikin tare, suna tsarawa suna duba wa juna, 0.75. Ba su takamaiman buri, kamar "kawo hujja biyu da amsar mai adawa ɗaya" maimakon "rubuta insha'i mai kyau", 0.70. Haɗa jimloli 0.50. Nazarin samfurin rubutu mai kyau 0.25. Ba na son a riƙe waɗannan lambobi kamar farashin kaya, domin binciken da aka tara ba ingancinsu ɗaya ba, kuma yawancinsu a azuzuwan Amurka aka yi su. Amma ki lura da abin da na saman suka yi tarayya a kai: duk abubuwa ne da malami ke yi tun alƙalamin yaro bai tsaya ba.

Mafi sauƙin farawa shi ne ki yi rubutu a gabansu. Ki tsaya a allo da jigon da ba ki shirya ba, ki yi tunaninki da ƙarfi: "Me nake so mai karatu ya yarda da shi? Bari in jera dalilai uku. A'a, na biyu da na uku abu ɗaya ne, bari in goge ɗaya. Wannan jimlar ta yi tsawo, numfashina ya ƙare kafin in kai aya." Ki goge, ki sake, su gani da idonsu. Sannan ku rubuta sakin layi na gaba tare, suna kawo jimla kina tambayar dalili. Sannan su yi bibbiyu. Sai a ƙarshe kowa ya yi nasa. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin da Karen Harris da Steve Graham suka gina tun shekarun 1980, wanda aka fara da yara masu wahalar koyo kafin a ga yana yi wa kowa aiki.

Haɗa jimloli kuwa shi ne nahawun da yake biya. Frank O'Hare ya nuna amfaninsa a 1973, kuma ba ya bukatar a haddace sunan komai. Rubuta a allo: "Ruwa ya sauko. Ruwan yana da ƙarfi. Yara sun fake. Sun fake a ƙarƙashin bishiya." Ki ce a mai da su jimla ɗaya. Wani zai kawo: "Da ruwa mai ƙarfi ya sauko, sai yara suka fake a ƙarƙashin bishiya." Wata ta ce: "Yara sun fake a ƙarƙashin bishiya saboda ruwan da ya sauko da ƙarfi." Duka daidai ne. Yanzu tambaye su wacce ta fi dacewa da farkon labari, wacce ta fi dacewa da amsar tambaya, kuma me ya sa "sun" ta koma "suka" a ta farko. Minti bakwai, kuma washegari za ki fara ganin irin waɗannan jimloli a takardunsu.

Mu dawo kan 14 ɗinki da 9 ɗin abokin aikinki. Ba ke kika yi sakaci ba, ba shi ya yi mugunta ba, kuma matsalar ta girme ku duka. A 1912 Daniel Starch da Edward Elliott sun kwafi takardun jarrabawar Ingilishi guda biyu suka aika wa makarantun sakandare a Amurka, malamai 142 suka duba suka mayar. Takarda ta farko ta samu maki daga 64 zuwa 98 cikin 100, ta biyu daga 50 zuwa 97. A 1961 Paul Diederich da abokansa sun ba mutum 53 insha'i 300 na sababbin ɗaliban jami'a, cikin masu dubawar har da malamai da lauyoyi da editoci da 'yan kasuwa, aka ce kowa ya raba su mataki tara yadda ya ga ya dace. Kashi 94 cikin 100 na takardun sun samu matakai bakwai ko takwas ko tara daban-daban, kuma babu takardar da ta samu ƙasa da matakai biyar. Da suka bi tsokacin masu dubawar, sai suka ga kowa da abin da idonsa ke nema: wani ma'ana, wani tsari, wani zaɓen kalma, wani ƙa'idar rubutu, wani kuma ɗanɗanon muryar marubucin. Ina kyautata zaton ke kin ga hujjar yaron kin ba shi 14, abokin aikinki ya ƙirga kurakuransa ya ba shi 9. Kowannenku ya auna abu na gaskiya, sai dai ba abu ɗaya kuka auna ba.

Har ganin kuskuren kansa ya dogara da abin da mai karatu ya zo nema. Joseph Williams ya wallafa wata maƙala a 1981 kan wannan batu, a wata mujallar malaman rubutu. Sai a ƙarshenta ya bayyana cewa da gangan ya dasa kurakurai kimanin 100 a cikinta. Masu karatun da suka ɗauke shi a matsayin masani sun bi ma'anarsa suka wuce yawancinsu. Da an miƙa musu shafukan nan a ce na ɗalibi ne, da jan biro ya ƙare. Wannan maƙala ta sauya yadda nake ɗaukar takardar yaro: karatun farko ba na riƙe alƙalami.

Maganin saɓanin maki yana da matakai, kuma takardar ma'auni ita ce ta farko kawai. Ku rubuta abin da kuke aunawa da nauyin kowanne, misali ma'ana 8, tsari 5, jimla da kalma 4, ƙa'idar rubutu 3, ku kuma ba ɗalibai tun kafin su fara. Amma kalmomi irin "hujja mai ƙarfi" kowa da yadda yake fassara su, don haka takardar ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da yake haɗa idon malamai shi ne zama tare a kan takardu na gaske. Ku ɗauki guda shida, ku rufe sunaye, kowa ya duba shi kaɗai, sannan ku baje makin a kan tebur ku yi gardama har ku daidaita. Waɗannan shida su zama abin kwatance na zangon gaba ɗaya. Rufe suna ba ƙaramin abu ba ne, domin sanin mai takarda da kyan rubutun hannu duka suna jan maki ba tare da malami ya sani ba. Akwai kuma hanyar kwatanta takardu bibbiyu, wadda ta samo asali daga aikin Louis Thurstone na 1927, Alastair Pollitt ya kawo ta fagen jarrabawa: a nuna wa malami takarda biyu, ya faɗi wacce ta fi, a maimaita sau da yawa da malamai da yawa, kwamfuta ta jera su. Mutum ya fi iya cewa wannan ta fi waccan a kan ya ce wannan 13 ce ko 14. Hanyar tana jera takardu da kyau, amma ba ta gaya wa yaro abin da zai gyara.

Na san za a ce a bar wa na'ura. Tun 1966 Ellis Page ya fara gwada ba da maki da kwamfuta, kuma na'urorin sukan yi daidai da mutane a lamba, amma da yawansu sun dogara ne da alamomi na sama kamar tsawo da manyan kalmomi. Ko mutane ma ba su tsira ba: a 2005 Les Perelman ya nuna cewa a insha'in minti 25 na jarrabawar shiga jami'a ta SAT a Amurka, tsawon takarda kaɗai yana hasashen makinta sosai. Manhajojin da ke rubutu da kansu, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022, sun ƙara wani dalili na ganin rubutun yaro tun yana ɗanye a cikin aji, domin malamar da ta ga tsarinsa da daftarinsa na farko ta san muryarsa.

Ga yadda zan tsara zangon da ni ce a wurinki. Maimakon insha'i shida da aka rubuta sau ɗaya, a yi uku, kowanne a rubuta shi sau biyu. Ranar da aka karɓi daftarin farko, kada ki sa maki. Karanta guda talatin da sauri, ki fitar da matsala biyu da suka fi yawa a ajin, ki kwafi sakin layi biyu a allo ba suna, ku gyara tare. A kowace takarda kuma layi biyu sun isa: abu ɗaya da ya yi aiki, ki faɗi takamaimai inda yake, da abu ɗaya da za a yi yanzu. Kuskuren ƙa'ida, ki sa ɗigo a gefen layin da yake, a sakin layi na farko kawai, yaron ya nemo shi da kansa ya kuma bi sauran shafin. Minti biyu ke nan kowace takarda, awa biyar maimakon goma sha biyar. Sannan, kuma wannan shi ne wanda ba a tsallakewa, ki ware darasi guda cur a cikin aji don su yi gyaran kina zagayawa. Maki sai a kan rubutu na biyu, da na farkon a maƙale a bayansa domin ki ga abin da ya sauya.

Iyaye da shugaban makaranta za su iya tambayar inda jan biron ya tafi, domin an saba ɗaukar shafi mai ja a matsayin shaidar malama ta yi aiki. Ki ajiye daftarin farko da na biyu na yara biyar, masu ƙarfi da masu rauni, a fayil ɗaya. Ranar da aka tambaye ki, ki buɗe musu shi su karanta duka biyun.